Faifan Gwaggo Mai Baƙar Cibiya

Ranar Laraba da asuba Allah ya karɓi ran Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun daga yaye har ɗakin miji. Shi ya ba mu aronta, shi kuma ya karɓi abinsa. Kafin azahar an kai ta makwancinta, kafin la'asar gidanta da ke ƙauyenmu kusa da Babban Mutum ya cika ba masaka tsinke. Ni aka zaunar a tabarmar ƙofar ɗakinta, domin ba ta bar ɗan cikinta a raye ba, kowa kuma ya san ni ce 'yarta.

Mata suna ta shigowa. "Ya haƙuri?" "Da godiya." Sai kowacce ta samu gefe ta zauna, ta faɗi abin da ta sani game da mamaciyar. Wata ta ce Gwaggo ce ta yi mata wankan jego har sau huɗu, ko goro ba ta taɓa karɓa ba. Wata ta ce, "Allah ya jiƙanta, amma fa akwai baki." Aka yi 'yar dariya a cikin mayafi, don babu wadda bakin nan bai taɓa sara ba. Har wata 'yar kasuwa Ibo mai shago a Baure ta zo, ta durƙusa ta yi gaisuwa da Hausarta mai daɗi. Ita ce take sayen faya-fayan da Gwaggo ke ɗinkawa tana aikawa garinsu. Ta ce, "Shekara uku ke nan Mama ta daina sayar mini. Kullum na zo in tarar tana ɗinki, in ce Mama na wa ne, ta ce mai shi ya riga ya kama. Ban taɓa ganin mai shi ɗin ba."

Sai tsohuwar maƙwabciyarta, wadda suka shekara arba'in suna gaisawa ta kan katanga suna kuma faɗa ta kan katanga, ta share hawaye da gefen zane ta ce, "Ni abu ɗaya na kasa gane mata har ta koma ga Allah. Mace tana cikin takaba ta hau mota ta tafi Kano. Allah dai ya yafe mata." Tana faɗa tana kallona, don ta san saboda wa aka hau motar.

Ina amsa gaisuwa, amma rabin hankalina ba ya wurin. Tun a hanya nake ganin wasu 'yan baƙaƙen ɗigo suna yawo a idona na dama, in na kalli bango su bi ni, in na kalli fuskar mutum su sauka a kanta. Idon daman nan kuwa shi kaɗai gare ni da ke karatu da gane fuska. Na hagu yana nan a buɗe, wanda bai sani ba ba zai gane ba, amma tsakiyarsa ta mutu shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Don haka ina zaune a kan tabarmar makoki ina jin tsoron da ya fi baƙin cikina ƙarfi, ina kuma jin kunyar hakan.

Ni 'yar fari ce. Iyayena suna kunyata kamar yadda aka saba, Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa ɗaukata a gaban mutane ba. Gwaggo ce ta goya ni. Doguwa ce, siririya, mai tafiya kamar ana jiranta a wani wuri. Takan jiƙa kaba, ta tsaga da farce, ta rina da galura, ta zauna a gindin darbejiya da basilla daga hantsi har rana ta karkata. Ba ta yi boko ba, amma ita ta tsaya kai da fata sai na yi. Da na zama malamar firamare sai ta ajiye sunana gefe, ta koma ce mini Malama, musamman in za ta yi mini tsiya. "Malama, duk karatun nan ba a koya muku gishirin miya ba?" Na ga ranar da ta bi wani dillalin awaki da muciya har bakin zaure don ya taɓa nonon akuyarta ya ce ta tsufa. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarta ba sai a kan idona.

Aurena na so ne, wani mai fataucin dabbobi na zaɓa da kaina a Baure. Matsalar kawai ni siririya ce irinta. Gwaggo ta ce ba za a kai mata 'ya gidan mutane kamar sillen kara ba, dangin miji su ce ba ta iya riƙo ba. Ta ɗura mini kunu, ta ɗura mini fura da nono, ta yanka kaji biyu, jikina ya ce bai san zancen ba. Ran nan ta dawo daga kasuwa da wasu 'yan ƙwayoyi farare ƙulle a leda, ba kwali ba suna, irin waɗanda mata ke kira sha ka fashe. Kusan duk amaryar da na sani ta sha. Na sha safe da yamma har wata biyu, kumatuna suka cika, mata suka yi ta yaba hannun Gwaggo.

Saura mako uku biki na fara ganin ƙudaje a idona na hagu, da wani dishi-dishi kamar hayaƙin ɗanyen ice. Gwaggo ta ce hayaƙin turaren tsuguno ne, da rashin barci irin na amare, ta ƙara mini tozali. Aka yi biki aka watse. Kwanana shida a ɗakin miji, da safe na ɗauki madubi zan sa kwalli, na rufe idon dama don in ja masa layi. Sai na ga ɗankwalina, na ga wuyana, na ga kunnuwana, amma inda hanci da baki suke babu komai sai wani toka-toka. Na buɗe idon dama fuskata ta dawo, na rufe ta tafi. Na yi haka ya fi sau goma kafin na iya yin ihu.

A asibitin Daura aka haska mini fitila, aka ce ciwon yana can ciki inda kayan aikinsu ba sa kaiwa, aka rubuta mana takarda zuwa wani asibitin ido a Kano. Gwaggo ce ta raka ni. Likitar mace ce, mai magana a hankali. Ta ɗiga mini wani magani mai buɗe ƙwayar ido, muka jira har komai ya zama haske-haske, sannan ta sa na ɗora haɓa a kan na'ura ta leƙa. Ta daɗe tana leƙawa. Ta sa aka ɗebi jinina, aka ɗauki hoton ƙirjina, don ta tabbatar ba tarin fuka ba ne ko wani ciwon da ke yin irin wannan shigar. Da sakamako ya fito ta zaunar da mu ta yi bayani. Ta ce a ƙuryar ido akwai wata shimfiɗa mai laushi wadda hoton duk abin da mutum ya kalla yake sauka a kanta, a tsakiyarta kuma akwai ɗan wuri ƙarami wanda da shi ake karatu da zura zare a allura. Wata ƙwayar cuta ce, da ake samu daga kashin mage ko naman da bai dahu ba ko ruwan da ba a tsare ba, ta shiga ta yi gida a shimfiɗar tun ina yarinya. Takan yi barci a gefen tsohon tabo shekara da shekaru, ranar da ta farka sai wurin ya kumbura ya ci gaba da cin naman da ke kusa. Magani yana kwantar da ita, amma ba ya fitar da ita.

Sai ta dubi kumatuna ta ce, "Malama, irin yadda wannan ya bazu da sauri ya ba ni mamaki. Kina shan wani magani?"

Na ce a'a, don wallahi ban ɗauki ƙwayoyin ƙiba a matsayin magani ba. Gwaggo ta kwance bakin mayafinta, ta fito da ragowar ledar ta ajiye a kan tebur. Ta ce, "Ni na ba ta wannan. Ita ba ta sani ba."

Likitar ta juya ƙwayoyin a tafin hannu, ta aika aka duba. Ta ce irin maganin nan yana danne garkuwar jiki, wato an ɗaure mai gadi an bar ɓarawo da gida. Da ciwon ya tashi zai iya tsayawa a gefe, amma ya samu hanya har tsakiyar gani ya cinye ta, wannan kuwa ba ya dawowa. Sannan ta zo kan ɗaya idon. A idon dama ma akwai tabo yana barci, tsakaninsa da tsakiyar gani bai wuce ƙwayar gero ba.

Muka fito rana tana dukan idona da aka buɗe, ba na ganin komai sai fari, Gwaggo tana riƙe da wuyan hannuna har tasha. A nan na fizge hannuna. A gaban 'yan kamasho da masu tallar ruwa na ce mata, "Garin neman gira kin rasar da ni ido. Ke kika makantar da ni, Gwaggo." Matar da ke da amsa ga kowa sai kawai ta sake kama hannun, ta sa ni a mota, muka zo har Baure ba wanda ya yi wa wani magana. Ban taɓa janye maganar nan ba, ita kuma ba ta taɓa tayar da ita ba.

Washegari ta kwaso kayanta ta tare a gidana na mako shida, amarci ko ba amarci ba. Magani iri biyu aka ba ni. Na kashe ƙwayar cutar safe da yamma, sai na kwantar da kumburi wanda za a riƙa rage shi kaɗan-kaɗan, don likitar ta ce tunda jikina ya saba da shi ba a yanke shi lokaci ɗaya. Da Gwaggo ta ji cewa na biyun ɗan'uwan sha ka fashe ne sai ta ce sam ba za a sha ba. Sai da muka koma likitar ta ce mata, "Mama, wuta ce. A murhu ta dafa tuwo, a jinka ta ci ɗaki. Yanzu a murhu take." Ta yarda, amma ta karɓe kwalin ta ƙulle a mayafinta, ita ke ƙirgo mini da hannunta. Ta samu zaren kaba tana ƙulla masa ƙulli ɗaya duk kwana, ranar da za a rage ƙwaya ta sa ja. Ni mai takardar shaidar koyarwa na rikice sau biyu, ita ko sau ɗaya.

Daga nan ta zama hukuma a kan nama. In an sayo tsire sai ta yaga shi ta duba cikinsa, in ta ga ja ta mayar da shi wuta, ko da mai gidan ne ya sayo. Da Babbar Sallah har maƙwabta ɓoye mata suyarsu suke yi. Baba ya ce a kashe magunan gidan gaba ɗaya, ta ce, "Wanda ya shiga ya riga ya shiga, kashe mage ba zai fito da shi ba, sai dai ɓera ya gaje rumbu." Ta yi wa randa murfi mai nauyi, ta hana ni taɓa ƙasar lambu ba tare da wanke hannu da sabulu ba. Ciwon kuma ta sa masa suna baƙon nan. Takan ce, "Baƙon nan in ka ba shi tabarma ɗaki zai nema."

Likitar ta ba ni wata takarda mai layuka kamar ta littafin lissafi, da ɗigo a tsakiya. Ta ce kullum da safe in rufe idon hagu in kafa na dama a kan ɗigon. Ranar da na ga layi ya karkace, ko wani wuri ya ɓace, ko ƙudaje sun ƙaru, kar in bari kwana biyu su wuce ban zo ba. Damina ɗaya takardar ta yi ta jiƙe ta yage. Gwaggo ta ɗauki yagaggiyar ta juya ta ta ce, "Wannan ai faifai ne da bai samu mai ɗinki ba." Bayan kwana tara ta kawo mini faifai irin wanda ba ta taɓa yi ba: cibiyarsa baƙa wuluk, sai zobe fari, sai ja, sai fari, sai kore, da layuka baƙaƙe takwas da suka miƙe daga cibiya zuwa baki. A gefensa ta ɗaura 'yar igiya kamu biyu, in kama bakinta in ɗora a hancina, don kullum tazarar ta zama ɗaya. Da muka kai wa likitar ta gwada shi da idonta, ta yi dariya ta ce ya yi.

Tun daga ranar, duk safiyar Allah bayan na idar da salla wayata za ta yi ƙara. Ba sallama mai tsawo, ba ina kwana.

"Kin duba?"

"Na duba, Gwaggo."

"Cibiyar tana nan?"

"Tana nan."

Sai ta kashe. Akwai ranakun da na ji kamar in jefa wayar a rijiya. Akwai ranakun da na ce na duba alhali ban duba ba, don duk wanda bai taɓa tsayawa a gaban abin da zai iya gaya masa ya kusa makancewa ba, ba zai san nauyin ɗaga faifan nan ba. Galura takan koɗe cikin shekara uku, in ta koɗe Gwaggo ta kawo sabo ta karɓe tsohon ta mayar da shi na rufe ƙwarya.

Shekara huɗu da aurena mijin Gwaggo ya rasu, ta shiga takaba. Tana kwana na ashirin da wani abu na ɗaga faifai da safe na ga jan zoben ya lanƙwashe ta ƙasa, layi ɗaya ya katse. Maigidana ya tsallaka iyaka ta Kongolam da shanu, wayarsa ba ta shiga. Na kira Baba, ya ce a jira ya dawo, mace ba ta kama hanyar Kano ita kaɗai, kwana huɗu ba wani abu ba ne. Da Gwaggo ta kira na ce mata cibiyar tana nan. Ta ce, "Maimaita." Na kasa. Kafin rana ta take sai ga ta a ƙofar gidana a bayan ɗan acaɓa, cikin kayan takaba, ba ɗankunne ba kwalli. Na ce, "Gwaggo, mutane fa?" Ta ce, "Na aika an tambayi liman, ya ce larura ce. Da bai ce ba ma da na taho, in na dawo in tuba. Mutane kuwa a cikinsu wa zai ara miki ido?" A ranar ta kai ni Kano. Wancan tashin an tare shi da wuri, daga baya aka ɗora ni a kan ƙwayar rigakafi duk bayan kwana uku fiye da shekara. Ita kuwa surutun ya bi ta har tabarmar makokinta.

Ranar Larabar da ta rasu, wayata ta yi ƙara a lokacin da ta saba, na ɗauka ina shirin cewa na duba, sai na ji muryar Baba. Na fita da takalmi wari da wari. Faifaina yana rataye a bangon ɗakina a Baure, ban kalle shi ba, kuma da ƙudajen suka fara yawo a hanya na ji daɗin cewa na baro shi.

Ranar Alhamis da safe ƙudajen suka ƙaru, ga ɗan dishi-dishi ta ƙasa. Na raɗa wa Inna, mahaifiyata. Ta ce, "Kuka ne, jiya wuni kika yi kina yi. Dubi idon kowa a gidan nan." Maƙwabciyar nan ma ta ji, ta ce in sa tsumma mai sanyi. Na karɓi maganarsu hannu bibbiyu, don ita nake so in ji. Na san bambancin idon da ya sha kuka da wannan, sau biyu na taɓa gani, amma na zauna ina gaya wa kaina kuka ne. Gobe Juma'a sadakar uku, in an yi addu'a an watse sai in ga abin da hali zai yi. Na kuma san bayan Juma'a sai Asabar da Lahadi, likitar ba ta zama sai Litinin. Na lissafa kwana biyar, na kawar da kai daga lissafin.

Da azahar aka fara fito da abincin baƙi. Kwanuka sun yi yawa, murafe sun ƙare, sai wata daga cikin masu girki ta shiga ɗakin Gwaggo neman abin rufi. Ta jawo wani buhu daga ƙarƙashin gado, ta ce, "Kai, ga faya-fayai nan sababbi fil." Ban ɗaga kai ba sai da aka dire kwanon tuwo a gabana. Baƙar cibiya, fari, ja, fari, kore, layuka takwas. Na kawar da ido zuwa hagu, kwanon da ke gaban Inna irinsa ne. Na duba tsakar gida, duk kwanon da ke wucewa zuwa zaure irinsa ne a kai. Wata mata ta ɗaga nata tana juyawa ta ce, "Ikon Allah, duk zane ɗaya. To wannan igiyar ta mece ce? Ta ratayewa ai ba ta kai haka tsawo ba."

'Yar kasuwar nan tana neman mai shi, ga mai shi a zaune tana ɓoye ido. Na ɗauke faifan daga kan tuwon, tururi ya jiƙa bayansa. Na kama bakin igiyar na ɗora a hancina, na rufe idon hagu da tafin hannu, a gaban mata sun fi talatin. Cibiyar tana nan. Amma jan zoben ya narke ta ƙasa, layuka biyu sun shiga cikin hayaƙi ba su fito ba, hayaƙin kuma ya kusa taɓa farin zoben da ke jikin cibiya.

Na ce, "Inna, ba kuka ba ne. Zan tafi Kano."

Inna ta riƙe baki. "Yau? Ke ce fa a kan tabarma. Matar da ta goya ki, ko uku ba za ki yi mata ba? Me za a ce?"

Kuka kawai nake yi da faifai a hannu. Aka kira Baba daga zaure. Ya tsaya daga nesa kamar yadda ya saba tsayawa in ni ce, ya dubi faifan, ya dubi igiyar, ya dubi sauran da ke kan kwanuka. Sannan ya ce a gaya wa maigidana ya zauna ya karɓi gaisuwar maza. "Wancan karon ni na ce a jira, Yaya ta tafi. Wannan karon ni zan kai ta."

Inna ta ce, "To tabarmar fa, wa zai zauna?"

Sai maƙwabciyar nan ta dafa bango ta miƙe, gwiwoyinta suna ƙara, ta zo ta tsaya a kaina. Ta ce, "Tashi, 'yar nan. Shekara arba'in ina zaune kusa da ita, kwana ɗaya ba zai gagare ni ba. In na bar ki a nan, matar nan ko a kabari ba za ta bar kunnena ya huta ba."

Mun isa Kano an tashi daga aiki, muka sauka gidan wani ɗan'uwan Baba. Da safiyar Juma'a, daidai lokacin da ake taruwa a ƙofar gidan Gwaggo don addu'ar uku, ni ina zaune haɓata a kan na'ura, idona a buɗe da maganin ɗigawa. Likitar nan ce dai, furfura ta fara leƙowa daga ɗankwalinta. Ta leƙa, ta sa aka ɗauki hoton cikin idon, ta auna ƙarfinsa. Ta ce sabon farin kumburi ne a gefen tsohon tabon, ta ɓangaren da ke fuskantar tsakiya, amma bai kai ba. Ta ce da na bari zuwa Litinin ba ta san abin da za ta gaya mini ba. Tana rubuta magani ta ɗaga kai ta duba bayana ta ce, "Yau ina Mama?"

Da muka fito rana ta buge ni, komai ya zama fari. Na miƙa hannun hagu gefe ba tare da tunani ba, inda Gwaggo take tsayawa. Hannun ya daɗe a iska. Can na ji wasu yatsu masu kaushi, na manomi, sun kama wuyan hannuna a ɗarare, kamar mai riƙe ƙwai. Haka Baba ya ja ni har bakin titi, yana cewa, "Ga rami. Ga dutse. A hankali."

Mako shida na sha magani, na ƙulla zaren kaba da kaina, na rikice sau ɗaya. Ƙudajen sun kwanta. Ƙasan jan zoben akwai ɗan wurin da bai dawo ba, likitar ta ce ba zai dawo ba, ta mayar da ni kan ƙwayar rigakafi. Na koma aji, ina rubutu a allo, ina gane fuskokin 'ya'yana. An ce mai ido ɗaya ba ya gode Allah sai ya ga makaho. Ni kullum da safe nake ganin makauniyar da zan iya zama, tsakanina da ita ƙwayar gero. Wasu a ƙauye suna nan suna cewa 'yar da Gwaggo ta goya ko uku ba ta yi mata ba.

Bayan arba'in Baba ya zo Baure da buhun nan a bayan keke. Ya bi gida-gida ya karɓo faya-fayan daga inda aka kai abinci, wasu da tabon miya. Na zazzage su a tsakar ɗaki na ƙirga, goma sha huɗu. A shekarun nan na ƙarshe yatsun Gwaggo sun sandare, faifan da take gamawa a kwana tara sai ya ci mata wata biyu, na ƙarshen ma ɗinkinsa ya ɗan saki. Kowanne shekara uku yake yi kafin ya koɗe. Na buga lissafin a ƙasa da yatsa kamar 'yar aji uku, shekara arba'in da biyu. Yau ina da talatin da huɗu. Matar da na ce ta makantar da ni ta zauna a gindin darbejiya ta ɗinka mini abin dubawa har in wuce saba'in, tana sa ran zan kai can da idona.

Na so a ce na faɗa mata tana raye. Na yafe, Gwaggo, tun ranar da kika kwance bakin mayafi kika ajiye ledar nan a kan tebur, girman kai ne ya hana ni faɗa. Ke ma ki yafe mini maganar tasha. Wanda ya karanta wannan, in ya san ta ko bai san ta ba, ya taya ni roƙon Allah ya yalwata mata makwanci, ya sa mata hasken da ta tsaya ta tsare mini.

Wayata ba ta ƙara da safe yanzu. Na duba, Gwaggo. Cibiyar tana nan.